Aiken Inna Zuwa Dutsen Bareyi

Da yammacin wata Talata, a ƙarshen kaka, Inna ta aike ni Dutsen Bareyi in mayar da tsofaffin layu.

Dawowata ke nan daga shagon awarar da nake aiki, hannuna duk warin waken suya, ko takalmi ban cire ba. Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa da jakar leda a cinya. Layun bara ne a ciki: ta lafiyar ƙafa, ta tsarin gobara, har da ta motar da muka sayar tuni. Kowa a garinmu yakan mayar da nasa wurin bauta a ƙona, ya sayo sababbi. Sai dai da sabuwar shekara ake yin haka, ba da kaka ba.

"Inna, wannan ai zai iya jiran Janairu."

"Ke kika ajiye mini Janairun? Yau za ki je."

"Rana ta kusa faɗuwa."

"To tsayuwar da kike yi ce za ta riƙe ta?"

Haka take. Sunana Terumi. Tun ranar da Inna ta zame a banɗaki ta karya ƙugu na bar aikina a birni na dawo gida. Ni ke yi mata wanka, ni ke yanke mata farce, ni ke shan faɗa idan miya ta yi gishiri. Yayana Motoharu yana Osaka da matarsa da 'ya'yansa, iyakar hidimarsa ga Inna buga waya. Da wayar ta yi ƙara sai ka ga tsohuwa ta gyara zama tana shafa gashi, sai ka ce ganinta yake yi. Abin yana ci mini rai, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma ina son ta, kuma a lokacin na ɗauka ita ma tana so na, irin son da ba ya fitowa ta baki.

A shekarar Yaya ya shiga arba'in da biyu, shekarar da duk namiji a wurinmu yake tsoro. Tun bazara yake fama da jiri da rama. Likitoci sun juya shi gaba da baya, ba su ga komai ba.

Inna ta sa hannu cikin hannun rigarta ta zaro wata laya daban. Fara ce da, yanzu ta koma ruwan ƙasa, babu rubutu a jikinta, da doguwar igiya.

"Ta yayanki ce, tun yana yaro. Wannan ba a akwatin tsofaffin layu na ƙasa za ki jefa ta ba. Ki hau da ita ƙaramin ɗakin bauta na sama. Akwai mai hidima a can, zai kira sunan mai layar. Idan ya kira, ki ce ga ni."

"Ni ce Motoharu?"

"Wakiliyarsa ce ke. Ko kin fi ƙarfin ki amsa wa yayanki?"

Ban ga wani abu a ciki ba. Ana yin haka, mara lafiya ya tura ɗan'uwa a yi masa roƙo a madadinsa.

"Ki sa rigar da ya aiko miki," in ji ta. "Da sanyi a sama."

Makon da ya wuce ne rigar ta iso ta gidan waya. Rigar sanyi ce ta maza, toka-toka, tasa ce da ya daɗe yana sawa, ko wanki ba a kai ta ba. Warin tabarsa da man gashinsa suna nan a wuya. Ta yi mini yawa, sai na naɗe hannu. Amma ita ce abu na farko da Yaya ya taɓa aiko mini, kuma na yi murna da ita fiye da yadda ya kamata.

Inna ta ce in sunkuyo. Da kanta ta rataya mini layar, wai hanya tana da santsi, zan buƙaci hannuwana. Ta tura ta cikin rigar, ta ɓalle mini maɓallin sama. Da ta gama sai ta ɗora tafin hannunta a kumatuna, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Rabon da ta taɓa fuskata har na manta. Na fita ina jin daɗi, ni wawiya.

Lokacin da na isa jar ƙofar katako ta shiga wurin bautar, motar baƙi ta ƙarshe tana tashi. Na rusuna, na shiga ta gefe kamar kullum, domin tsakiyar hanya ta Mai Dutse ce, abin bautar wurin, ba a takawa. Tsakuwa tana kuka a ƙarƙashin takalmina. Rana ta riga ta faɗa bayan itatuwa, amma sama da sauran haske.

Bareyin wurin nan, duk da ana cewa 'yan aiken Mai Dutse ne, maroƙa ne kuma ɓarayi. Sun koyi rusuna wa mutum don a ba su biskit, in ka ƙi su ja maka riga. Akwai wadda ta taɓa cinye mini tikitin mota a hannu tana kallon tsakiyar idona. Idan suka ji ƙarar leda kuwa, sai dai ka yi ta kanka.

Ran nan ina tafe da leda tana ƙara, babu wadda ta taso. Suna kwance a gindin fitilun dutse, kowace ta juyo kai tana bi na da ido.

Baba Inagaki, tsohon da ke sayar da layu, yana cikin rufe tagarsa.

"'Yar awara, ke ce da almurun nan? Layar aure kika zo saye?"

"Wadda ka sayar mini bara fa, Baba?"

"Ita ta yi aikinta. Ke ce kike korarsu da wannan fuskar taki." Ya dubi rigar da ke jikina ya yi dariya. "Ko har an samu ne, kin sato masa riga?"

"Ta Yaya ce."

Na juye ledar cikin akwatin tsofaffin layu. Ban gaya masa zancen hawa sama ba, domin Baba Inagaki idan ya kama hira sai duhu ya yi.

"Kada ki daɗe," ya ce. Ya leƙa fili, ya ɗan ɓata fuska. "Yau mene ne ya sami maroƙan nan? Ko abincin yamma ba su taɓa ba."

Ya shige ciki. Na wanke hannu da baki a kwamin dutse, na kewaya bayan babban ɗakin bauta.

Matakalar sama tana nan inda na san ta tun ina yarinya, amma ban taɓa hawa ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya hau ba. Igiyar tsarkin da aka gitta a bakinta ta ruɓe ta faɗi ƙasa. Na tsallake ta.

Gansakuka ta rufe duwatsun. Itatuwa sun haɗe a sama, hasken ya ragu. Warin ruɓaɓɓen ganye nake ji, da wani wari mai ƙarfi irin na bunsuru, wanda mazan bareyi suke yi da kaka. Can nesa ɗaya ya yi kuka, doguwar ƙara siririya kamar tsohuwar ƙofa.

Na yi nisa kaɗan sai na ji taku a bayana. Ƙwas. Ƙwas. Kofato a kan dutse.

Na waiga.

Dukkansu ne. Sun jeru a matakalar har iya ganina, babu mai ture wata, babu mai kuka. Da na tsaya suka tsaya. Ta gaban ta sunkuyar da kai. Na buɗe mata tafin hannuna, yadda muke nuna musu babu biskit. Ba ta dubi hannun ba. Ta lanƙwashe ƙafafun gaba ta durƙusa, na bayanta ma suka durƙusa, ɗaya bayan ɗaya.

Na yi wata 'yar dariya, don in ji muryata. Ba ta yi daɗin ji ba.

Na ci gaba, ina bin gefen dama. Sai wani ƙaton namiji ya fito daga cikin itatuwa ya jera da ni. Kowace kaka ana yanke wa mazan wurin ƙaho saboda baƙi. Wannan ba a taɓa yanke nasa ba. Ya matso da kafaɗa, a hankali, har na kauce. Na koma hagu. A can ma wani ya fito.

A tsakiyar hanya suka sa ni.

Na so in juya. Amma bayana a cike yake, kuma na tuna hannun Inna a kumatuna. Na ce a raina, ki kai, ki amsa, ki sauko, ki dafa mata abinci.

Matakalar ta ƙare a wani ɗan fili. Ga ɗakin nan, ƙarami, rufinsa ya lotsa. Babu fitila. Kwanon hadaya ya cika da busasshen ganye. Yanar gizo ta saƙe bakin ƙofar tun daga sama har ƙasa. Ko makaho ya san an yi shekaru babu mai hidima a nan.

Ƙwarin da ke kuka a cikin ciyawa suka yi tsit.

Wani sanyi ya fito ta ƙarƙashin ƙofar ya bi ƙafafuna. Yana da wari, irin na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Motoharu."

Daga ciki ne. Murya ce ƙasa-ƙasa, ba ta namiji ba, ba ta mace ba. Babu numfashi a cikinta.

Na buɗe baki. Har harshena ya ɗauko kalmar.

Abin da ya tsayar da ni, Inna ce ta koya mini shi. Ina ƙarama muna ɗiban ganyen miya a gindin dutsen nan da almuru, na ƙwala mata kira, sai ta zo ta ɗalle mini baki. Ta ce a dutse, idan rana ta faɗi, mutum sau biyu yake kira a jere. Wanda ya kira sau ɗaya ya yi shiru ba mutum ba ne, kuma ba a amsa masa.

Na rufe bakina. Na jira kira na biyu.

Shiru.

Ƙofar ta fara ja da baya. Yanar ta tsinke.

Sai da mai muryar ya sunkuya kafin ya fito, duk da haka ƙahoninsa sun kankari saman ƙofar. Dogo ne, cikin farin tufafi irin na mutanen da, har ƙasa. Fuskarsa doguwa. Inda ya kamata a ga idanu, fata ce a shafe.

Ya tsaya yana shinshina iska.

Bareyin duk sun kwantar da haɓa a ƙasa.

Ya tako. Ban ji ƙarar ƙafa ba. Ya sunkuyo har hancinsa ya taɓa wuyan rigar. Ya shaƙa, ya daɗe yana shaƙa. Ya gangara zuwa ƙirjina, daidai inda layar take.

"Motoharu," ya ce, a kunnena. "Lokaci ya yi."

Igiyar layar ta fara matse mini wuya.

A nan na gane komai a lokaci guda. Rigar da ba a wanke ba. Layar da aka ɓoye a ciki. Ki ce ga ni. Matar da ta ɗalle mini baki saboda kiran dutse ita ce ta turo ni in amsa shi. Hannun da ta sa a kumatuna sallama ce.

Tsoro yana nan, amma abin da ya fi shi zafi baƙin ciki ne. Har wani tunani ya gitta mini: in dai abin da take so ke nan, ki amsa mana, ki huta. Hawaye yana zuba cikin bakina.

Sai zuciya ta taso mini. Ban taɓa jin irinta ba.

Na kama wuyan rigar da hannu biyu na finciko. Maɓallin ya yi tsalle. Na zame daga cikinta, na cusa yatsu ƙarƙashin igiyar, na ja ta ta saman kaina har ta yage mini kunne. Na jefa ta kan rigar.

Na ja baya, taku ɗaya.

Ya bar ni ya bi rigar. Ya durƙusa a kanta.

"Motoharu."

Rigar ta motsa. Ta cika, ta miƙe tsaye, kafaɗu suka fito, hannuwa suka kumbura, kamar da mutum a ciki. Ta ɗan tsaya haka. Sai ta zube.

"Babu kowa," in ji shi.

Kansa ya juyo wajena a hankali. Jinin kunnena yana bin wuyana. Hancinsa ya buɗe.

"Jini ɗaya ne. Wane ne?"

Na ruga.

Bareyin sun miƙe. Yanzu babu mai durƙusa mini. Na faɗa cikinsu, ta gefe, ina turewa. Jikinsu da zafi. Ƙaho ya kama mini damtse ya tsaga. Na zame a kan gansakuka, na gangara da gwiwa, na tashi. Takalmi ɗaya ya tafi.

Sanyin yana bayana. Ina jin sa a ƙeya.

"Wane ne?"

Na cije leɓena.

Can ƙasa ƙararrawar babban ɗaki ta fara kaɗawa, da ƙarfi, ba irin kaɗin masu roƙo ba. Sai muryar tsoho, tana karkarwa.

"Terumi! Terumi!"

Sau biyu.

"Ga ni!" na ce, na yi tsalle na haye ruɓaɓɓiyar igiyar nan, na faɗi a kan tsakuwa.

Baba Inagaki ya kama ni ta kafaɗa ya ja ni har gaban tagarsa. Da na waiga, matakalar babu kowa. Ƙwari sun ci gaba da kuka.

Ya haska ni da tocila. Ya ga babu rigar, ya ga shatin igiya a wuyana. Ya kashe tocilar.

"Na fito na ga fili babu barewa ko ɗaya," ya ce, murya ƙasa. "Sau ɗaya na taɓa ganin haka, ina saurayi. Fara ce layar? Ba rubutu?"

Na gyaɗa kai.

"Mahaifina ne yake ɗinka su. Ta aro ce. Yaron da aka fitar da rai da shi, sai a roƙa masa kwana a wurin Mai Dutse har ya kai arba'in da biyu. Idan ya kai, ya hau da ƙafarsa ya amsa. Da mahaifina ya mutu na rufe hanyar, na ɗauka duk sun ƙare." Ya yage tawul yana ɗaure mini damtse. "Mai Dutse ba ya gani. Da laya yake gane mutum, da wari, da amsawa. 'Yar nan, wa ya aiko ki?"

Na juya fuska wajen hanyar gidanmu. Bai sake tambaya ba, sai ya dubi ƙasa.

"Ki kwana a wurinmu. Tsohuwata za ta shimfiɗa miki."

"Inna ba ta ci abinci ba," na ce.

Da bakina na faɗa. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Na sauko gari da takalmi ɗaya. Lokacin cin abincin yamma ne, ko'ina ƙamshin gasasshen kifi, ana jin talabijin ta tagogi. Matar mai kantin shinkafa ta gaishe ni daga nesa, na amsa mata kamar kullum.

A ƙofar gidanmu wani abu ya soke mini tafin ƙafa. Na duba. Fasasshen tangaran ne, shuɗi, da zanen kifi. Kwanon shinkafata. An fasa shi a dokin ƙofa, an zuba gishiri hagu da dama.

A wurinmu idan za a fita da gawa, ana fasa kwanon mamacin a bakin ƙofa, don ya san ba shi da sauran abinci a gidan, kada ya dawo.

Na tsallake na shiga.

Gidan ya cika da turaren tsinke. Inna tana durƙushe a gaban teburin tunawa da magabata, cikin baƙar rigar kimono ta makoki, ɗamara a ɗaure tsaf. Matar da kullum sai na sa mata safa, yau ita kaɗai ta shirya kanta. Hotona yana jingine kusa da na marigayi mahaifinmu. A gabansa ga shinkafa a ɗan kwano, an kafa tsinken cin abinci a tsaye, yadda ake yi wa mamaci.

"Inna."

Ta juyo. Ba ta yi ihu ba, ba ta taso ba. Ba ta dubi jinin da ke jikina ba. Wuyana ta duba.

"Ina rigar?"

"Tana can."

"Kin amsa?"

"Ban amsa ba."

Ta rufe ido. "Kin kashe shi."

Na zauna a ƙasa.

"Me ya sa ni?"

"Kina tsammani ban gwada ba? Bara na hau da sandata, kina wurin aiki. Bareyi suka tare ni suka mayar da ni. Ba ya karɓar wanda ya kusa ƙarewa." Ta gyara hannun rigarta. "Shi yana da 'ya'ya. Ke wa gare ki?"

"Ke, Inna."

Ta kawar da kai. Na ɗauka kunya ce ta kama ta. Ashe ba ta gama ba.

"Yana shekara biyar na hau dutsen nan da shi a goye, ba ya ko motsi. Na sauko da shi yana neman ruwa. Tun ranar nake lissafin yau. Likita ya ce in na sake haihuwa zan iya mutuwa, mahaifinku ya roƙe ni in haƙura. Na ƙi. Don me kike tsammani na haife ki?"

Ta faɗe shi ne yadda take cewa in rage wutar murhu.

Waya ta yi ƙara. Inna ta yunƙura, amma na riga ta. Na ɗauki wayar, ban yi magana ba.

"Inna?" Muryar Yaya ce, ƙasa-ƙasa, kamar wanda ya shige banɗaki don kada matarsa ta ji. "Inna, an gama? Ɗazu jirin ya sake ni gaba ɗaya, amma yanzu ya dawo. Ta hau kuwa? Ta sa rigar?"

"Ni ce, Yaya."

Na ji numfashinsa ya tsaya.

A bayansa, a can Osaka, a gidan bene mai tsawo da babu ko ciyawa kusa da shi, wani abu ya yi kuka. Doguwar ƙara, siririya.

"Terumi," ya ce. "Ƙanwata. Tsaya ki ji."

Na ajiye wayar.

Yaya bai ga dusar ƙanƙarar farko ta shekarar ba. Matarsa ta ce wata yamma suna zaune ya miƙe ya ce ana kiransa, ya fita da silifas. Baba Inagaki ne ya same shi a zaune a ƙofar ƙaramin ɗakin sama, sanye da rigarsa mai toka-toka, jiki ya yi sanyi. Likita ya ce zuciya ce. Na je jana'iza, na rusuna wa kowa, ban yi kuka ba, 'yan'uwa suka ce ni dutse ce.

Na bar garin. Damtsena ya warke da tabo, kunnen kuma har yau a tsage yake. Duk inda na haɗu da barewa, ko a gidan namun daji ne, sai ta juya mini baya.

Inna tana gidan kula da tsofaffi yanzu. Hankalinta ya gushe, ba ta gane kowa. Ina zuwa duba ta lokaci-lokaci, ban san dalili ba, kuma na daina tambayar kaina. Ɗaukata take yi ɗaya daga cikin ma'aikata. Zuwana na ƙarshe na tarar farcenta ya yi tsawo, na zauna ina yanke mata. Ta yi ta kallona, har ta yi murmushi.

"Hannunki da taushi, 'yar nan. Iyayenki sun yi dace."

"Na gode, Inna."

"Ni ma ina da 'ya mace," ta ce. Ta matso, ta rage murya kamar mai ba ni amana. "Amma ba ta da tausayi. Abu ɗaya na taɓa roƙonta a duniya, ta ƙi."

Na gama wannan hannun, na ce ta miƙo ɗayan.